Kulochi da bel na babur sikuta: me ya cancanci kuɗinka, me zai iya jira?

Kayan da ke cikin murfin gefen sikuta ba sa ƙara wa inji ƙarfin doki ko ɗaya. Aikinsu shi ne zaɓar saurin da injin zai riƙa juyawa da shi yayin da babur ke ɗaukar gudu. Wanda ya gane wannan kafin ya sa hannu a aljihu ya tsira daga rabin asarar da masu son ƙara wa babur kuzari suke tafkawa.

Idan ka kwance murfin, za ka ga fuli biyu da bel a tsakani. Na gaba shi ne bariyeta, kuma a bayansa akwai rola, wato ƙananan nauyi masu gangarawa, galibi guda 6. Inji na ƙara juyi, rolar na fita waje, tana matse fulin, bel yana hawa sama. A baya kuma akwai babban sifirin da ke ja da wannan matsi, sai kulochi mai shu 3 da ƙananan sifirin 3, da kwanon da shu ɗin ke kamawa.

Ka fara da bel, ko da ba shi ne ya kai ka kasuwa ba. Bel da ya ci milimita 1 a faɗinsa ba ya iya hawa har ƙarshen fuli, sai gudun ƙarshe ya ragu, mai babur kuma ya ɗora wa kulochi laifi. Lambar da ke jikinsa ita ce shaida: a injin GY6 (nau'in injin da ke cikin sikuta da yawa ƙirar China) mai cc 150 za ka ga 842-20-30 ko 835-20-30, a mai gajeren gidan bel kuma 743-20-30, wato tsawo, faɗi da kusurwa. Kada ka yarda a ce maka "ai kusan ɗaya ne". Bando, Gates da Mitsuboshi sunaye ne da aka sani, sai dai jabunsu ma suna yawo, don haka ka duba tsaftar rubutun da ke jikin bel ɗin. Na zaren kebla (Kevlar, wani zare mai ƙarfi) yana jure zafi, amma ga injin da ba a taɓa ba, bel na asali mai kyau ya wadatar.

Sai rola, kuma nan ne nake ganin kuɗi ya fi yin aiki. Suna cikin mafi arha a duk kayan, ga shi su suka fi sauya halin babur. Mai cc 50 na GY6 yana ɗaukar girman milimita 16x13, mai cc 125 ko 150 kuma 18x14. Rola marar nauyi tana barin inji ya yi sama kafin giya ta sauya, sai tashi ya yi zafi, hawan tudu ya yi sauƙi. In ka wuce gona da iri, inji zai yi ta ihu, mai ya ƙare da wuri, gudun kuwa ba ya ƙaruwa. Mai nauyi tana kwantar da inji a doguwar hanya, amma tashin sai ya yi sanyi, musamman da goyo. Shawarata: ka auna na ciki a sikeli, ka sayi saiti biyu, ɗaya ya gaza na ciki da giram 1, ɗaya da giram 2. Za ka iya haɗa uku-uku don samun tsaka-tsaki, muddin ka jera su ɗaya bayan ɗaya, ba a gefe guda ba.

Akwai kuma rola masu zamewa, irin na kamfanin Dr. Pulley, waɗanda ba zagaye suke ba. Sun fi tsada, sun fi daɗewa, domin rola mai zagaye takan ci gefe ɗaya ta baje, sai ka ji giya na sauyawa da tsalle-tsalle. Matsalarsu ɗaya: in ka sa su a juye, babur ba zai tafi daidai ba. Ga mai hawa kullum, ina ganin sun cancanci kuɗinsu.

Babban sifirin na baya ana sayar da shi da lamba 1000, 1500 ko 2000, mai babbar lamba ya fi tauri. Kada ka dogara da launi, kowane kamfani da nasa tsarin. Mai tauri yana sa giya ta koma ƙasa da sauri idan ka saki totur ka sake murɗawa, yana kuma hana bel zamewa. Amma 2000 a injin da ba a ƙara masa komai ba wahalar da bel ce kawai, zafi ya yi yawa, gudun ƙarshe ya ragu. Ƙananan sifirin ukun su ne ke yanke lokacin da kulochi zai kama. Masu tauri suna ba da tashi mai fizga, abin da ke burge matasa, sai dai a cunkoso kulochi zai yi ta gogawa har kwanon ya koma shuɗi.

Kafin ka sayi sabon kulochi saboda babur na karkarwa wajen tashi, ka buɗe ka duba. Sau da yawa shu ne ya yi santsi kamar madubi. Ka ɗan goge shi da sanfefa, ka share ƙurar kwanon, karkarwar ta tafi.

Cikakken bariyeta na Malossi, Polini ko NCY yana da gangaren rola dabam da na kamfani, kuma yana da amfani idan ka sauya salansar hayaƙi ko ka ƙara girman silinda. A inji na asali ribarsa ba ta kai kuɗinsa ba. Ga gwaji mai sauƙi: ka ja layi da alƙalamin maka a fuskar fulin gaba daga tsakiya zuwa baki, ka yi gudu, ka buɗe. Inda layin bai goge ba, bel bai kai wurin ba. In ragowar tana da yawa, ka fara zargin bel da rola. Sauya haƙoran giyar baya kuwa yana buƙatar injin matsi, wannan na makaniki ne.

Ka ware kuɗin kayan aiki tun farko: marikin fuli, sifana mai auna ƙarfin ɗauri, da abin danne sifirin, domin babban notin kulochi yana riƙe da sifirin a matse, in ya kuɓuce zai iya ji maka ciwo a fuska. Ƙarfin ɗaurin noti yana cikin littafin babur ɗinka, ka bi shi. Kada giris ko mai ya taɓa bel ko fuskar fuli. Ka sauya abu ɗaya, ka gwada a hanya ɗaya bayan inji ya yi zafi, ka rubuta nauyin rola da gudun da ka samu, sannan ka taɓa na gaba.