Kafin ka sayi turare mai ƙamshin 'ya'yan itace

Fesawar farko ce ke yaudarar mutane. Ka shaƙi ƙamshin abarba ko ceri a 'yar takardar gwaji, ranka ya biya, ka ciro kuɗi, bayan awa ɗaya ka neme shi ka rasa. Ba jabu aka ba ka ba, haka turare yake. Ƙamshin sama, wato wanda hanci ke fara ji, shi ne ke fara gudu, musamman na lemu da ake matsowa daga ɓawo. Wanda za ka wuni da shi na ƙasa ne, mai fitowa daga baya: vanila, almiski ko itace. Shi ya kamata ka duba.

La Vie Est Belle na Lancôme, da ya fito a 2012, zaƙinsa ba ya ɓuya. 'Ya'yan itacen suna gaisawa ne kawai su wuce, sai vanila da wani ƙamshi kamar na alewa su zauna daram har dare, gobe ma ka ji su a wuyan riga. Idan zaƙi na saurin ginsar ka, kada ka kusance shi da rana tsaka, hawa kai yake yi.

Lost Cherry na Tom Ford, na 2018, ya fi shi aji a hancina. Cerinsa nunanne ne, mai ɗan ɗacin almon. Aibinsa ɗaya: masu shi da yawa suna kukan cerin na saurin gushewa, ga shi kuma da ɗan karen tsada. Aventus na Creed kuwa, na 2010, abarba ce da ɗan ƙaurin hayaƙi a bayanta, shi ya sa maza suka riƙe shi.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: ban da dangin lemu, yawancin ƙamshin 'ya'yan itace haɗin sinadarai ne, ko a kwalba mafi tsada. Gwanintar haɗin ake saya.

Duba rubutun kwalbar ma. Eau de Parfum na da man turare wajen kashi 15 zuwa 20 cikin 100, ya fi Eau de Toilette kauri da daɗewa.

Ni dai ba na yarda da takarda. Fesa ɗaya a wuyan hannu, kada ka murza, ka tafi harkokinka. Bayan awa huɗu ka sake shinshinawa, idan har yanzu yana burge ka, sai ka koma, ka fara da ƙaramar kwalba.