Kafin ka kashe kuɗin ƙungiyar matasa a kan kayan kiɗa

Duk mai jagorantar matasa, ko kulob ɗin makaranta ne, ko ƙungiyar unguwa, ko 'yan sikawut, ko matasan coci, ya san yadda zama yake mutuwa idan aka cika shi da lacca. Waƙa kan farfaɗo da shi. Sai dai yawancin jagororin nan ba su gaji kiɗa ba, ba su kuma karance shi ba, ga kuɗin da aka ware bai taka kara ya karya ba. To me za a saya?

Ma'aunin da nake ba da shawara a riƙe shi ne wannan: hannu nawa kayan za su shagaltar a lokaci guda, ba tare da malami ba? Idan kana da yara 30 kuma mutum ɗaya ne kawai zai iya taɓa abin da ka sayo, sauran 29 'yan kallo ne, kuma ba za a jima ba za ka ga kowa ya zaro waya.

Da wannan ma'aunin, piyano ne ya fi ba da kunya, alhali shi aka fi ɗoki. Dalilin ɗokin a fili yake: sautin waƙoƙin fina-finan Hausa da na ɗakunan ɗaukar waƙa daga cikinsa yake fitowa, yara kuma shi suka sani. Ƙananan na koyo, irin Yamaha jerin PSR-E ko Casiotone na kamfanin Casio, suna da madannai 61, suna da kiɗan da aka riga aka shirya a ciki, yawancinsu kuma suna aiki da batir shida idan an ɗauke wuta. Kaya ne masu kyau. Amma kujera ɗaya ce a gabansu. Idan babu wanda ya iya a cikinku, wata biyu ya isa ka tarar da shi a bayan kabad ƙura ta rufe shi. Sai in akwai wani matashi da ya riga ya fara koyo, wanda kuma ya yarda zai koya wa na ƙasa da shi, sannan sayensa ke da ma'ana. In haka ne, kuma na hannu za ka saya, danna kowane madanni ɗaya bayan ɗaya a gaban mai shago, ka gwada shi da batir ka gwada shi da wuta. Ka kuma karanta abin da aka rubuta a jikin adaftarsa: wasu kayan da ake shigowa da su daga Amurka na wuta mai ƙarfin volt 120 ne, tamu kuwa a Najeriya da Nijar ta kai 220 zuwa 230, sau ɗaya za a jona ya ƙone. Jita ma duk kanwar ja ce, ga ƙarin wahalar daidaita tsirkiya kafin kowane zama.

Kayanmu na gargajiya fa? Nan ma sai an tantance, don ba duka ba ne na kowa da kowa. Kalangu, wanda Mamman Shata ya yi zamaninsa da shi har rasuwarsa a 1999, ba abin wasa ba ne. Ana matse igiyoyinsa a hammata ana sassautawa don sauti ya hau ya sauka har ya yi magana, kuma wannan aikin shekaru ne a gaban maigida. Kotso da taushi na makaɗan fada ne. Kuntigin Ɗan Maraya Jos ƙarami ne, tsirkiyarsa ɗaya, sai mutum ya ɗauka sauƙi ne da shi, alhali duk daɗin a yatsun mai shi yake. Garaya kuma tana da alaƙa da mafarauta da 'yan bori, za ta iya jawo maka maganar da ba ka shirya mata ba. Waɗannan duk, maimakon saya, gara a gayyato makaɗi na gaske rana guda, a sallame shi da kyau, yara su gani su yi tambaya.

Wanda ya ci jarrabawar hannu da yawa shi ne ƙwarya. A kife ta a ƙasa ko a kan matashi a buga da 'yan sanduna ko da yatsu, a kife wata a cikin babban kwano mai ruwa ta ba da amo mai zurfi kamar ganga. Kiɗan amada ke nan, wanda Barmani Choge ta shahara da shi, kuma mata ne suka raya shi a cikin gidaje ba tare da wata makaranta ba. Da kuɗin piyano ɗaya za ka sayi ƙwarya ga kowa har da canji. Wajen zaɓe, nemi mai kauri wadda ta bushe sarai, ka ƙwanƙwasa ta da yatsa: mai lafiya tana ƙara tas, mai tsaga tana yin amo a dushe. Kada ka sayi masu girma ɗaya, haɗa manya da ƙanana don sautin ya bambanta. Mai zane da ado ta fi tsada kuma ba ta fi sauti ba, wannan ta jeren ɗaki ce. Aibinta ɗaya, tana fashewa, saboda haka ka ƙara uku ko huɗu a ajiye.

Shantu ma haka yake da araha, amma na 'yan mata ne a al'ada, kuma samari ba za su yarda a gan su suna buga shi a cinya ba. Idan ƙungiyar ta mata ce, saya kawai. Su samarin a ba su caki, ko kuma su yi nasu da gorar ruwa ta roba da 'yan tsakuwa. Yin kayan da hannunsu ma zama guda ne mai zaman kansa.

Sai ganga da bandiri, masu fata. Ƙungiya tana bukatar ɗaya ko biyu da za su riƙe mata bugu, ba fiye ba. Fatar dabba ta fi daɗin sauti, amma tana bin yanayi: da damina ta saki sai an shanya ta a rana ko an ɗan kara ta a wuta, da hunturu ta bushe ta yi tauri har ta iya tsagewa in an cika mata ƙarfi. Masu fuskar roba da ake sayarwa a shagunan kayan kiɗa, irin na Sabon Garin Kano, ba ruwansu da yanayi, suna kuma jure hannun yara, sai dai in sun fashe ba kowane gari ake samun canjinsu ba. Mai fata kuwa duk garin da ke da makaɗa akwai mai sake mata fata. Ni dai a ƙauye zan zaɓi ta fata, a birni ta roba.

Akwai abin da ya fi sauti muhimmanci a nan, wato iyaye. A gidaje da yawa kiɗa sana'ar maroƙa ce, wasu kuma suna da fahimtar addini da ba ta yarda da kayan kiɗa ba, ko ta yarda da bandiri kaɗai, wanda aka saba ji a majalisun Ƙadiriyya da wajen masu bege. Kafin ka biya ko sisi, zauna da mai unguwa da wasu iyaye ka gaya musu abin da za a riƙa yi, da wace irin waƙa, da ƙarfe nawa za a tashi. In suka ce ban da ganga, ba ka yi asara ba. Tafi da murya sun isa. Waƙoƙin gaɗa da 'yan mata ke yi a dandali ba su da wani kaya sai tafin hannu, kuma tsarinsu na mai bayarwa da 'yan amshi shi ne ainihin abin da jagoran da bai iya kiɗa ba yake bukata: ka ba su maudu'i, ko shaye-shaye ne ko tsaftar unguwa ko zaman lafiya, rukuni ɗaya ya tsara amshi, sauran kowa ya kawo baiti biyu.

Idan abu ɗaya mai amfani da wuta za a saya, to sifika mai caji ce, mai haɗuwa da waya ta Bluetooth, wadda ke zuwa da makirfo. Ita tana yi wa kowa aiki, har ranar taron da babu waƙa. Kada lambobin da ke jikin kwali su ruɗe ka. Dubban wat ɗin da ake rubutawa da haruffan PMPO a gefe talla ce kawai, wanda ake dubawa shi ne mai haruffan RMS a gefe, wato ainihin ƙarfin sifikar, kuma wat 30 zuwa 50 ya wadatar da aji ko zaure. Tambayi awa nawa batirin yake yi, sannan ka tambayi ko ana samun canjinsa, domin shi yake fara mutuwa. Ka tabbata tana da ramin filashi ko memori, tana kuma karɓar makirfo mai waya, don maras wayar da ake haɗo su da shi bai cika daɗewa ba. A ƙure ta a shagon ka ji ko tana kakkarwa.

Manhajojin waya kuwa a fara da na kyauta. BandLab yana ɗaukar murya hawa-hawa, a ɗora amshi a kan baiti, amma yana son intanet da buɗe asusu. FL Studio Mobile na kuɗi ne, kuma ya fi dacewa da wanda ya riga ya san hanya. Ga yawancin ƙungiyoyi, abin ɗaukar murya da ya zo da wayar ya isa a saurari abin da aka rera a gyara. Sai dai kada murya ko hoton yaro ya hau TikTok ko Facebook sai iyayensa sun amince.

In an damƙa mini kuɗin, kashi mafi girma zai tafi ga sifika, sai bandiri ko ganga biyu, sai ƙwarya da caki daidai yawan yaran. Zan rage wani abu don gyara da sallamar makaɗin da za a gayyato, in kuma sayi akwatin ƙarfe mai kwaɗo, a naɗa mutum biyu da za su riƙa ƙirga kaya bayan kowane zama. Piyano sai baɗi, in an ga wanda zai zauna a gabansa.