Legas, New York ko Chicago: wace kasuwar jari ce ta san ranar Sallah?

Duk shekara idan aka gama girbin shinkafar rani, kuɗi suka ɗan zauna a aljihu, sai a fara tare ni a kasuwar Birnin Kebbi ana cewa, Alhaji, ina zan sa ɗan abin nan kafin damina? Wani hannun jari yake so, wani ya ji labarin zinari a waya, wani kuma ɗansa ne ya nuna masa kamfanonin Amurka. Kowa riba yake tambaya. Ni kuwa abin da nake fara dubawa shi ne ƙarfe nawa kasuwar ke ci, ƙarfe nawa take tashi, wace rana ce kuma ake kulle ƙofarta. Nan ne na yi tuntuɓe har sau biyu.

Ba zan ɓoye ba, tawa ita ce ta Legas, wato NGX. Tun 1961 ake ciniki a cikinta, ba jiya aka haife ta ba. Tana ci Litinin zuwa Juma'a, da rana tsaka. Lokacin da na fara saye, daga ƙarfe 10 na safe ne zuwa 2:30 na rana. Masu kasuwar na da ikon matsar da wannan lokaci, don haka ranar da za ka buɗe asusu ka sa dillalinka ya ba ka jadawalin da ake kai. Ko ya matsa, ba zai hana ka barci ba. Ina iya ba da odar saye da hantsi daga bakin shago, ido ɗaya na kan ma'auni ana zuba shanshera, kafin la'asar na san ko an samu. Kamfanonin kuma ba baƙi ba ne. Sumuntin BUA daga Kalambaina ta Sakkwato ake yo mana lodinsa, MTN na cikin aljihun kowa, Dangote kuwa ba sai an gabatar da shi ba. Mai gudun kuɗin ruwa yana da bankin Jaiz, yana da sukuk, wato takardar zuba jari marar kuɗin ruwa, na gwamnatin tarayya da aka fara fitarwa a 2017, akwai ma jerin kamfanonin da aka tace bisa ƙa'idar shari'a mai suna Lotus.

Babban abin da ya sa nake sonta shi ne hutunta namu ne. Ƙaramar Sallah, Babbar Sallah, Maulidi, duk a rufe take, haka 1 ga Janairu, 1 ga Mayu, 12 ga Yuni, 1 ga Oktoba, hutun Ista da na Kirsimeti. Kana filin idi ba ka fargabar farashi na zubewa a bayanka. Sai dai a lura da abu biyu. Hutun da Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta tarayya ta sanar kaɗai take bi. Idan gwamna ya ba da hutun sabuwar shekarar Musulunci a Kebbi ko Zamfara, Legas na nan tana ciniki abinta. Na biyu, ranar Sallah sai an ga wata Sarkin Musulmi ya sanar, saboda haka ba hutun da za ka rubuta a kalanda tun watan Janairu ba ne.

To ga tuntuɓena na farko, kuma laifina ne. Babbar Sallar 2025 ta faɗo ranar Juma'a, 6 ga Yuni, gwamnati ta ba da hutun Juma'ar da Litinin. Ranar Laraba na sayar da wasu hannayen jari don in sayi ragon layya, har na yi ciniki da mai raguna na ce masa gobe zai ji alat. Alhamis shiru. Na kira dillalina ina faɗa. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Alhaji, ai kwana uku na aiki ake ƙirgawa. Alhamis ɗaya. Juma'a hutu, Asabar da Lahadi ba sa ciki, Litinin hutu. Talata biyu, Laraba uku." Mako guda cur. Da kunya na koma wurin mai rago na karɓa bashi, ya ce ba komai, amma ya ƙara wani abu a kai. A ƙarshen 2025 an rage kwanakin biyan, sai dai lissafin bai canza ba, ranar aiki ake ƙirgawa, ba fitowar rana ba. Mai son kuɗin Sallah ko na taki ya sayar tun da sauran mako biyu.

Aibinta ɗaya a wurina, ba ta tsayawa don sallar Juma'a. Ni dai ranar Juma'a da safe nake gama komai in kashe waya.

Kasuwar New York kuwa samari ne ke mutuwar sonta, saboda dala. A agogonmu tana buɗewa 2:30 na rana ta tashi 9 na dare daga tsakiyar Maris zuwa farkon Nuwamba, sannan idan suka mayar da agogonsu baya ta koma 3:30 zuwa 10. Da azumi ke nan tana cin lokacin buɗa-baki da asham gaba ɗaya. Ba ta san Sallah ba, amma za ka iske ta a kulle ranar 4 ga Yuli da Alhamis ta huɗu a Nuwamba kana ta latsa waya kana zagin netwok. Landan daga 8 ko 9 na safe take farawa a lokacinmu, gwargwadon yanayin shekara, ban ga abin da manomin Argungu zai je nema can ba. Ta Saudiyya Lahadi zuwa Alhamis take ci, tana hutun Sallah na kwanaki, abin sha'awa ne a ji, shiga cikinta daga nan kuma wani dogon zance ne.

Masu tambayar kasuwar amfanin gona, ga amsa a taƙaice. A Chicago ana cinikin masara, waken suya, alkama har da shinkafa, amma yarjejeniyar ciniki ɗaya ta masara a can ta haura tan 120, kuma farashinsu ba shi ke yanka farashin buhu a Jega ba. Namu kuɗin man injin ban-ruwa ke motsa shi, da ambaliya, da halin da iyakar Kamba take ciki, da ko masana'antun casa sun fito saye. Nan gida akwai kasuwannin amfanin gona AFEX da NCX ta gwamnati, masu aiki da takardar shaidar ajiya: ka kai kaya sito, a auna, a duba danshi, a ba ka takarda. Tsari ne mai kyau. Sharaɗina dai ka taka da ƙafarka ka ga siton, ka tambayi ranar da ake buɗe shi da ranar da ake biya.

Canjin kuɗi ta waya, wanda yara ke kira fores, dare da rana yake tafiya daga daren Lahadi zuwa daren Juma'a. Duk wanda ya zauna Gusau a Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa na makonni, ya san abin da zai sami mutumin da ya bar ciniki a buɗe ba shi da hanyar rufewa. Kirifto, wato kuɗin intanet, ba ta rufewa ko kaɗan, ni kuma yanzu ba na sa kuɗin shinkafata a abin da ba ya barci.

Yanzu sai tuntuɓe na biyu, wanda har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci. Wani yaro ɗan unguwarmu, mai ladabi, ya zo ya durƙusa ya ce, "Kawu, akwai wata manhaja ta cinikin zinari, kullum ana ba da riba, ba Asabar ba Lahadi." Ya nuna mini allo, lambobi kore suna ta hawa. Ya ce zinarin Anka da Maru suke saye su kai Dubai. Na sa kuɗin buhu 12. Makon farko na cire ɗan wani abu, ya shigo. Wannan shi ne tsaba, ni kuma kaza. Wata Lahadi da rana ina kishingiɗe na buɗe manhajar, sai na ga farashin zinari yana rawa, riba na ƙaruwa. Gabana ya faɗi, don na san manyan kasuwannin zinari na duniya a rufe suke a wannan lokacin. To da wa suke cinikin? Na nemi in cire kuɗina, aka ce sai na biya kuɗin tantancewa. Bayan kwana tara manhajar ta daina buɗewa, aka rufe zauren WhatsApp ɗin. Yaron ma nasa sun tafi, da na mahaifiyarsa, shi ya sa ban iya yi masa faɗa ba.

Ba sabon abu ba ne. MMM, mai alkawarin riba mai yawa, ta daskarar da kuɗin mutane a Disambar 2016, irinta CBEX ta rufta da wasu a Afrilun 2025, gobe wata za ta fito da sabon suna, watakila har da ayar Alƙur'ani a saman shafinta da hoton sito cike da buhuna. Salonsu ɗaya ne. Riba tsayayya kowace rana, kawo mutum a ba ka lada, tura kuɗi asusun wani mutum maimakon na kamfani, sannan gaggawa, wai yau za a rufe rajista. Wasu ma sunan dillalan gaske suke ara su sauya harafi ɗaya, su buɗe shafi a Facebook. Dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi ɗauri mai tsawo ga masu irin wannan, amma ɗaurin wani ba ya dawo da buhunka.

Don haka kafin ka ba kowa sisi, nemi sunan kamfaninsa a jerin masu rajista na hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari, kai da kanka, ba hoton satifiket da zai turo maka ba. Dillalin gaske zai buɗe maka asusu da sunanka a CSCS, kamfanin da ke ajiye bayanan hannayen jari, a ba ka lambar shaidarka da ake kira CHN, kuɗin abin da ka sayar kuma su faɗa asusun bankinka. Ni akwai tambayar da nake ƙarawa, ina yi ina kallon idon mutum: ranar Babbar Sallah kuna aiki? Na ƙarshen da ya zo mini da manhaja, a shagon wani aminina a Argungu, ya washe baki ya ce ai su ko ranar idi riba ba ta tsayawa. Na ce ya gaida gida, na kira mai shayi.