Littafin Kells ko Chester Beatty: wanne ya fi ga mai rabin yini a Dablin?

Malam, ka ce taro ne zai kai ka Dablin, babban birnin Ailan, rabin yini kawai za ka samu, kuma kana son ganin tsofaffin rubuce-rubucen hannu. Wurare biyu ne a gabanka, tsakaninsu tafiyar kamar minti 10 a ƙasa ta titin Dame.

Na farko Littafin Kells, a Kwalejin Trinity da aka kafa a 1592. Linjila huɗu ce da Latin, an rubuta ta wajen shekara ta 800 a kan fatar maraƙi, warƙa 340, da zayyana mai ɗaure kai. Sai dai ka san abin da kuɗinka zai saya: tun 1953 aka raba littafin mujalladi huɗu, kuma shafi biyu kawai ake buɗewa cikin akwatin gilashi, a ɗaki mai ƙarancin haske, ba a ɗaukar hoto. Idan ba ka dace da shafi mai ado ba, rubutu zalla za ka gani. Tikiti ya haura Yuro 20, kuma na lokaci ne. A saye shi ta intanet tun da wuri, domin da bazara gurbi kan ƙare. Daga nan sai ka hau zuwa Long Room, zaure mai tsawon mita 65. Da can yana ɗauke da littattafai kimanin 200,000, amma an kwashe mafi yawansu don aikin gyara, saboda haka kada ka yi tsammanin cikakkun kantoci irin na hotuna.

Na biyu Chester Beatty, gidan ajiye tsofaffin littattafai da kayan tarihi, a harabar Fadar Dablin. Shiga kyauta ne. Sunan mai shi ne, attajirin ma'adinai haifaffen Amurka da ya koma Dablin a 1950 ya bar wa ƙasar abin da ya tara bayan rasuwarsa a 1968. A nan akwai kwafin Alƙur'ani da ɓangarorinsa fiye da 260, ciki har da wanda Ibn al-Bawwab ya rubuta a Bagadaza a shekara ta 391 bayan Hijira, wato wajen 1000 Miladiyya. Duk wanda ya taɓa riƙe allo da tawada zai tsaya ya daɗe a gaban waɗannan, yana duba yadda aka ja baƙi aka sa wasali, da yadda aka ƙawata kan sura da ruwan zinare. Akwai kuma takardun Baibul na bardi (takardar dā da ake yi da karan wani tsiron bakin ruwa) daga wajen shekara ta 200, da zane-zanen Farisa da Indiya da Sin da Japan. Matsalarsa ɗaya: haske na lalata takarda, don haka ana sauya abin da aka baje lokaci zuwa lokaci. Ba tabbas ka tarar da na Ibn al-Bawwab a fili ranar da ka je.

Wajen cunkoso ma ba su haɗa hanya ba. A Trinity kana cikin ayari ne, na bayanka na jiran ka matsa. A Chester Beatty ba mai hanzarta ka, kuma akwai inda za ka kulle jakarka. A Trinity kuwa kada ka je da babban akwati.

Ni dai shawarata, ka ba Chester Beatty awa biyu cur, ka fara da benen sama inda aka baje littattafan addinai. Sauran lokacin ka taka zuwa Trinity ka zaga harabar, wadda ba a biyan komai. Idan ranka na kan Kells, ɗauki tikitin farko na safe kafin ayarin baƙi su iso, minti 45 zuwa awa ɗaya ya ishe ka.

Ka lura da ranar tafiyar: daga Nuwamba zuwa Fabrairu Chester Beatty ba ya buɗewa ran Litinin, kuma wani lokaci akan rufe harabar fadar saboda taron gwamnati. Duba shafinsu kafin ka fito, ka kuma riƙe rigar ruwa, don ruwan Dablin ba ya sallama.