Bel na kasuwa ko rigar asibiti: kafin ka kashe kuɗi kan karkacewar bayan ɗiyarka

Iyaye, in ɗiyarka 'yar shekara 12 ko 13 ta fara tsayuwa kafaɗa ɗaya ta ɗara ɗaya, ko in ta duƙa ka ga haƙarƙarin gefe guda ya taso, abu huɗu za a yi ta kawo maka: mai ɗori, bel na kasuwa, gashin ƙashi, sai rigar roba da ake ƙerawa a asibiti. Tiyata ban sa ta a lissafi ba, sai karkacewar ta kai digiri 45 zuwa 50 likita ke tada zancenta.

Kafin ka fidda ko sisi a yi hoton ƙashin baya tana tsaye, likita ya auna digiri nawa ƙashin ya karkace. Ƙasa da digiri 25 galibi ido ake sawa ana maimaita hoto. Daga 25 zuwa 40 kuma tana kan girma, nan ne wurin riga.

Mai ɗori dai a bar shi, ba karaya ba ce. Gashin ƙashi yana da kyau, musamman motsa jikin da ake kira Schroth, amma mataimaki ne, shi kaɗai ba zan dogara da shi ba in karkacewar ta yi nisa.

Ni rigar asibiti na zaɓa kuma ban ɓoyewa. Ana auna jikin yarinya, wani lokaci a naɗe ta da filasta a fidda siffarta, a ƙera roba mai tauri da ke danna inda ya turo ta bar fili inda ya lotsa, irinsu Boston da Cheneau. Wani bincike da aka yi a Amurka da Kanada aka buga a 2013 ya nuna kashi 72 na yaran da suka sa riga ba su kai matakin tiyata ba, waɗanda aka zuba wa ido kawai kashi 48, kuma masu sawa sama da awa 13 a rana nasu ya kai kashi 90. Ba ta miƙar da baya ya koma sak, hana shi ƙaruwa take yi har girma ya tsaya, mai gaskiya haka zai ce maka. Wahalarta zafi. Ana son a sa ta kamar awa 18 a rana, to ka tuna Afrilun Sakkwato ga babu wuta, dole singiletin auduga a ciki ana canjawa ana duba fata saboda ƙuraje. Daɗin abin ƙarƙashin hijabi ba mai gani, makaranta ko islamiyya. A fara da likitan ƙashi a asibitin koyarwa na Usmanu Danfodiyo ko na ƙashi da ke Wamakko, in ba a samu mai ƙerawa kusa ba akwai asibitin ƙashi na Dala a Kano.

Yanzu bel. Wallahi wanga abu na ƙona min rai. An sai wa ɗiyar yayata irin mai igiya a kafaɗa daga wani shafi a Facebook, da bidiyon wai kafin da bayan, mai shafin ya ce wata guda ta miƙe, bai tambayi hoto ba bai tambayi shekarunta ba, kala kawai ya tambaya da lambar akawun da ya turo, watanni suka wuce tana girma ƙashin na ƙara lanƙwasa shi kuma ya daina ɗaukar waya. Yadi da roba mai talewa ba sa riƙe ƙashin baya, ko an jera ƙarafa a ciki, ko an ce akwai maganaɗisu, ko an ce daga Jamus. Duk wanda kayansa ƙarami ne da matsakaici da babba, wuce shi. Wasu har farar riga irin ta likitoci suke sawa a bidiyo. Akwai kuma masu kawo rigar asibitin ta gaske amma gwanjo, wadda aka ƙera wa ɗan wani, ita ma asara ce, tana iya danna inda bai kamata ba.

Sannan ba kowace karkacewa ke son riga ba. Irin wadda na faɗa yawanci ba ta da ciwo sosai. In yaro ya karkace kwatsam, ciwo na sauka daga ƙugu zuwa ƙafa, ba ya iya duƙawa, tana yiwuwa faifan da ke tsakanin ƙasusuwan ƙugu ne ya turo ya danne jijiya, gudun ciwo ya sa ya karkace, wannan hoton MRI yake so, mai nuna faifan da jijiyoyi, kuma da yawa magani da gashin ƙashi ke isarsu. In da zazzaɓin dare da rama a bincika tarin fuka na ƙashin baya. Fitsari ya ƙi fita ko yana zuba, ko ƙafa ta mutu, asibiti a ranar.

In an ƙera rigar, tambayi mai ƙerawa tun kafin ka biya: za a yi hoto tana sanye da ita a ga ta rage karkacewar? In ta yi tsawo gyaran yana cikin kuɗin ko sabon lissafi ne? Ya rubuta maka a takarda.