Hattara da masu sayar da tsohuwar taya da sunan sabuwa

Assalamu alaikum. Da na so in bar maganar nan tsakanina da Allah, amma shekaranjiya na sake cin karo da tallan mutumin da ya sayar mini da tsofaffin tayoyi da sunan sababbi a Facebook. Hotunan nan ne dai, lambar waya ce kawai da sunan shafi suka canza. Tunda bai daina ba, ni ma ba zan yi shiru ba. Ina kira musamman ga masu motoci masu ƙarfin inji, irin su BMW da Mercedes da Audi, domin ku ake nema. Tayarku ta fi tsada, ta fi wuyar samu, kuma ɗan damfara ya san cewa in ya rage muku kuɗi za ku saurare shi.

Motata BMW ce ta hannu, irin wadda tayoyinta na baya suka fi na gaba faɗi: 225/45 R18 a gaba, 255/40 R18 a baya. Da suka suɗe na zaga shaguna a nan Kano, kuɗin da aka faɗa mini ya sa na dawo gida ina lissafi. A cikin wannan hali na ga tallan. Sababbi dal, sunan babban kamfani a jiki, kuɗin kuma bai kai rabin na shago ba. Na kira shi. Baki kamar zuma. "Yallaɓai, kayan gwanjon kwastan ne, shi ya sa. Saiti ɗaya ya rage na sayiz ɗinka, wani Alhaji ma ya ce a ajiye masa, amma in ka turo kafin alƙalami naka ne." Ya turo mini bidiyon taya ana juya ta a hannu, har da lambar shekararta. Tayar da ke cikin bidiyon sabuwa ce ta gaske, amma ba ita aka kawo mini ba.

Ku lura da yadda ya tsara abin, don a nan dabarar take. Ba shi da shagon da za ka je, wai sito ne kuma maigidansa ba ya son a kai baƙi. Ya ce zai kawo da hantsi, bai iso ba sai bayan magariba. Ya zo da nasa mai facin, wai kyauta za a ɗaura mini. Tayoyin a naɗe cikin leda, an shafe su da wani mai suna ta ƙyalli. Kafin in gama duba ta farko da fitilar waya yaron ya riga ya ɗaga mota ya kwance biyu. Na cika kuɗi, suka tafi.

Kwana tara bayan nan, a hanyar Zariya, da iyalina a cikin mota, sitiyari ya fara rawa a hannuna. Allah ya sa na tsaya. Gefen tayar gaba ya kumbura kamar an cusa ƙwai a ciki. Wani dattijo mai faci a bakin hanya ya kwance ta, ya juya cikinta ya nuna mini tsohon faci a daidai inda ya kumbura. Sai ya ce, "Ɗana, wa ya sayar maka da wannan? Kwanto sauran mu gani." Abin da ya nuna mini a ranar shi nake so ku riƙe.

Ya fara da lambar haihuwar taya. A gefen kowace taya akwai jerin haruffa da ke farawa da DOT, a ƙarshensu akwai lambobi huɗu cikin wani ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Tun 2000 haka ake yi, kafin nan lambobi uku ne. A jikin tawa an rubuta 1824, wato mako na 18 na 2024. Dattijon ya kama yatsana ya ɗora a wurin. Zagayen ya lotsa fiye da sauran jikin tayar, kewayensa sumul kamar an goge da samfefa, lambobin kuma ba su yi daidai da sauran rubutun ba, 2 ɗin ma a karkace take. An kankare na asali ne an buga sabo da ƙarfe mai zafi. Ɗaya daga cikin na baya kuwa ba su ma wahalar da kansu ba. Yawanci a gefe ɗaya ake buga cikakkiyar lambar, sai suka juya wannan gefen ciki inda ido ba ya kaiwa. Da aka kwance ta muka karanta: 3714. Taya ce ta 2014.

Wani zai ce ai zanenta na nan, me ya dame ka da shekara? Roba tana tsufa ko da ba a taka ta ba. Tana bushewa, tana tauri, tana tsattsagewa a cikin kwarin zanen, inda man da suka shafa yake ɓoye wa ido. Kamfanin Michelin da kansa yana cewa taya in ta shekara biyar a riƙa kai ta ana dubawa duk shekara, in ta kai goma a cire ta ko da tana da kyan gani. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta fi haka tsanantawa, shekara huɗu take faɗa wa direbobi. Ko wanne ka bi, tayar 2014 ta wuce wurin.

Zanen ma da nake taƙama da shi ashe na jabu ne. Sabuwar tayar ƙaramar mota zurfin zanenta wajen milimita 7 zuwa 8 ne, kuma a cikin kwarin akwai wasu 'yan tudu masu tsayin milimita 1.6, waɗanda in taya ta suɗe ta kai kansu, ta gama aiki. A biyu daga cikin nawa babu tudun nan ko ɗaya. An bi kwarin da wuƙa mai zafi an ƙara masa zurfi, an yanke su. In ka sa ido za ka ga layin yana ɗan lanƙwasa irin na aikin hannu, ƙasansa kuma ba santsi. Akwai tayoyin manyan motocin ɗaukar kaya da aka ƙera da ƙarin roba don a sake yanka su, kuma ana rubuta hakan a jikinsu. Tayar ƙaramar mota ba ta da wannan rarar. Abin da mai wuƙa yake ci shi ne ɗan abin da ya rage tsakanin kwalta da wayoyin ƙarfen da ke riƙe da taya.

Ta huɗu ta fi ba ni tsoro, domin ita ba a taɓa ta ba, kuma da ban haɗu da dattijon nan ba da har yau ban san aibinta ba. A gefenta akwai hoton dutse mai kawuna uku da alamar dusar ƙanƙara a ciki. Tayar hunturun Turai ce. An haɗa robarta ta yi laushi don sanyin da bai kai digiri 7 ba, ni kuma ina taka ta a kwaltar Kano, inda a watan Afrilu zafi yake haura digiri 40. Irin waɗannan suna da yawa cikin kayan Beljiyam, kuma suna saurin ruɗin mai saye saboda zanensu zurfi ne da shi.

Ga masu irin motocinmu akwai ƙarin abin dubawa, kuma shi ne ɗan damfara ya fi dogara da cewa ba mu sani ba. Bayan sayiz akwai lamba da harafi, misali 95Y. Lambar nauyin da taya za ta iya ɗauka ce, 95 na nufin kilo 690. Harafin kuma gudun da aka gwada ta a kai: T kilomita 190 a awa, H 210, V 240, W 270, Y 300. Ba wai ina cewa ka yi wannan gudun ba, dokar babbar hanya mai tagwayen titi kilomita 100 ce a awa ga motar gida. Amma harafin yana gaya maka irin zafin da taya za ta jure, da yadda za ta riƙe ƙasa in ka taka birki da ƙarfi ko ka sha kwana. Injin da aka yi wa tayar W ko Y, in ka ɗaura masa T, ka rage wa motar abin da masu ƙera ta suka gina birkinta a kai. Abin da ya dace da motarka yana rubuce a takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba, ko a littafin motar. Ɗauki hotonsa ka riƙe a waya. In motarka mai ja da ƙafa huɗu ce, haɗa tayoyi masu bambancin suɗewa yana wahalar da giyar da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya, gyaranta kuma ya fi tayoyin tsada. Haka nan yawancin BMW irin tawa ba sa zuwa da safaya, saboda tayarsu ta asali irin wadda ke iya tafiya wajen kilomita 80 ce bayan iska ta fita. Mutumin ya rantse mini cewa irinta ya kawo. Ko ɗaya babu.

Na san halin da ake ciki. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina ƙerawa a Legas a 2008, kusan duk tayar da muke takawa shigo da ita ake yi, kuɗinta yana bin dala. Tsohuwar tayar ƙananan motoci tana cikin jerin kayan da kwastan ta hana shigowa da su, amma kasuwa cike take da ita. Ba na zagin wanda ya sayi ta hannu da saninsa don abin da aljihunsa ya iya ke nan, kuma akwai 'yan kasuwa masu tsoron Allah da za su ce maka wannan Beljiyam ce, ga shekararta, ka duba. Faɗana da wanda zai kankare shekara, ya yanka zane, ya naɗe a leda, ya karɓi kuɗin sabuwa, alhali ya san rayuka zai ɗora a kai. Ba mu manta ba, ranar 6 ga Maris 2016 ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja bayan tayar motarsu ta fashe. Fashewar taya a kan gudu ba ta duba girman mota.

Don Allah kada ka tura wa kowa ko sisi kan bidiyo. Ka je da rana, ka sa a yage ledar kafin ka biya, ka goge man da tsumma, ka karanta lambar kowace taya ɗaya bayan ɗaya, ka shafa zagayen da yatsa, ka leƙa cikinta ko akwai faci. Ka tafi da naka mai facin. Ka karɓi rasit mai adireshin shago, a rubuta sayiz da lambar shekarar a kai. Wanda ya ce sauri yake yi, ko wani Alhaji na jira, bar wa Alhajin.

Da na kira mutumin daga bakin hanya ya ɗauka sau ɗaya, ya ce zai zo ya canza mini. Daga nan layin ya mutu. Na kai ƙara da shaidar tura kuɗi da hotunan hirarmu, na kuma kai rahoton shafin. Tayoyin huɗu wani ya taya su a wurin mai facin, na hana. Na sa an tsaga gefen kowace da wuƙa a gabana kafin na bar wurin.