Montessori ko nasare ta yau da kullum? Amsa ga Hajiyar Mabera

Hajiya, kin tambayi bambancin makarantar Montessori da nasare ta yau da kullum, don kina neman inda za ki saka ɗiyarki mai shekara 3.

A nasare, malama ce ke jan ragamar aji. Yara sa'o'in juna suna kan benci, darasi ɗaya kowa ke bi, ana canja shi duk bayan kamar rabin awa. Amfaninta, yaro yana saurin haddace ABC da ƙirga, kuɗinta kuma da sauƙi. Aibinta, mai saurin fahimta ya gaji da jira, mai nawa a wuce shi.

Tsarin da likita Maria Montessori ta fara a birnin Roma a 1907 daban yake. Ana haɗa 'yan shekara 3 zuwa 6 a aji ɗaya, a ba su kusan awa 3 ba tare da katsewa ba. Yaro ne ke ɗauko aikinsa daga kanta daidai tsayinsa, ya shimfiɗa 'yar tabarma, ya gama ya mayar. Kowane kayan aiki guda ɗaya ne a aji, don a koyi jiran layi. Akwai hasumiyar da ake ginawa da guntayen katako 10, masu girma daga santimita 1 zuwa 10, wadda in ya jera ba daidai ba idonsa zai gaya masa. Akwai haruffan sanfefa da yake shafawa da yatsu biyu yana furta sautinsu tun kafin ya riƙe fensir. Kalma kuwa mataki uku ake koyar da ita: "wannan ja ne", sai "nuna mini ja", sannan "wannan mene ne?" In ya kasa, malama ba ta tsawatawa, sai ta bari zuwa wani lokaci.

Abin ba baƙo ba ne a Sakkwato. A makarantar allo ma kowa da inda karatunsa ya tsaya, ba a wanke allo sai ya iya.

Inda ake samun matsala shi ne sunan ba mallakar kowa ba ne, duk wanda ya ga dama yana iya rubuta shi a allon ƙofa. Wani wurin kuma an sayo kayan amma malamar ba ta da horo, sai 'yanci ya koma sakaci, yara na ta yawo. Mu iyaye ma da namu laifin, muna matsa lamba sai an ba ɗan shekara 3 aikin gida.

Ki je da ƙarfe 10 na safe ba tare da sanarwa ba, ki nemi zama a aji na minti 20. In kin ga benci a jere, kaya a kulle cikin kabad ƙurar hunturu ta rufe su, to nasare ce ta sauya suna, kada ki biya kuɗin Montessori. Ki kuma tambayi malamar inda ta yi horo da tsawon lokacin da ta ɗauka.